Obin mai wanke kansa: a danna ko a bari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Gidan da muka kama a Ajah akwai obin na lantarki a jikin kabad ɗin kicin, irin wanda ake ginawa a ciki. Waɗanda suka tashi sun bar shi da maiƙo ya yi baƙi ƙirin, ƙasan duk ƙanzo, gilashin ƙofar ma ba a ganin ciki. A cikin maɓallan akwai wani da aka rubuta Pyro, maƙwabciyata ta ce na wanke kai ne, wai in na danna zai ƙone dattin da kansa. Babu littafinsa. Ga Babbar Sallah ta matso, ina son in gasa haƙarƙari a ciki. In danna ko in haƙura in sa hannu?

Hajiya Turai Agege:
Wa alaikumus salam. 'Yata, sa hannu. Ruwan zafi, sabulu, soso, ki ɗaura zani ki durƙusa. Ni abin da zai kulle ƙofarsa yana cin wuta a ciki, ni kuma ina tsaye ba ni da ikon buɗewa, ban yarda da shi a gidana ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abba Obalende:
Hajiya ta yanke hukunci tun ba a ji bahasin wanda ake ƙara ba.

Anti Zulai mai kek:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam zan ɗan ja. Ni da shi nake aiki, kuma sana'ata kullum cikin bota da sukari take. Maman Ilham, abin da maɓallin nan yake yi shi ne ya kai zafin cikin obin wajen digiri 480 zuwa 500, alhali kek a 180 muke gasa shi, kaza a 200 ko sama kaɗan. A wannan zafin duk wani maiƙo da ƙanzo toka yake komawa. In ya huce sai ki sa tsumma mai ɗan laima ki share, shi ke nan. Kullewar da Hajiya take tsoro kuwa ita ce kariyar. Da a ce ƙofar tana buɗuwa a wannan hali, hucin kaɗai ya isa ya saluɓe wa mutum fuska. Yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi zuwa uku, wasu har huɗu, ya danganta da samfurin da kuma matakin da kika zaɓa, sannan ki ƙara lokacin hucewa kafin ya saki ƙofar.

Hajiya Turai Agege:
Digiri 500 a cikin kabad ɗin katako. To Allah ya kyauta.

Anti Zulai mai kek:
An yi shi ne da rufi mai kauri a jikin bangon, ƙofar kuma gilashi hawa uku ko huɗu, ga fanka da ke hura iska tsakanin obin da kabad. Ba jiya aka ƙirƙiro shi ba Hajiya, tun 1963 kamfanin General Electric ya fito da shi a Amurka.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Salamu alaikum. Anti Zulai duk abin da kika faɗa haka yake, sai dai ki ƙara da cewa waɗanda suka ƙera shi sun yi lissafinsu ne a kan wutar da ba ta ɗaukewa da kuma wayarin da aka yi bisa ƙa'ida. Mu a Legas biyun nan ne ba mu da tabbas a kansu. Maman Ilham, kafin maganar dannawa, ki buɗe ƙofar ki duba gefen bakin obin ɗin, za ki ga wata 'yar takarda ko ƙarfe manne, an rubuta sunan kamfani da lambar samfuri da yawan wutar da yake ja. Ki ɗauko hoto ki turo. Da wannan lambar za ki samu littafinsa a intanet kyauta. Na biyu, ki duba ina aka jona shi. Soket ne na bango irin na firji, ko yana da makunninsa babba shi kaɗai?

Maman Ilham:
Na duba, an rubuta 3.4 kW. Akwai wani jan makunni a bango kusa da shi, in na kashe sai agogon jikinsa ya mutu.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Madalla, wannan alama ce mai kyau, amma ba ta wadatar ba. Ga dalilin tambayata. Fulogin nan namu mai ƙafa uku amfiya 13 ne iyakarsa, in ka ninka da bolt 230 za ka samu kusan wat 3,000. Naki 3,400 ne, ya wuce ƙarfin fulogi, dole sai da layinsa na kansa tun daga akwatin bireka, da waya mai kauri aƙalla 2.5, da birekarsa shi kaɗai, da atin mai aiki, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa. Abin da nake yawan tararwa a sababbin gidajen haya shi ne makunni babba mai kyan gani a bango, amma in ka kwance sai ka ga daga layin soket ɗin kicin aka ɗauko, firji da injin wanki da butar lantarki duk a kai. Wani lokaci wayar an rubuta 2.5 a jikinta, ka fere ka ga tagullar ba ta kai ba, wata ma alminiyam ce aka shafa mata ruwan tagulla. Gashin kaza na minti arba'in ba zai tona asirin irin wannan wayar ba, domin da obin ya kai zafin da aka sa masa sai ya riƙa kashewa yana kunnawa. Wanke kai ne yake sa shi jan wuta na dogon lokaci. A nan ne sukurun da bai ɗauru ba yake fara zafi, roba ta narke a cikin bango inda ba mai gani. Saboda haka a kira mai gyaran wuta ya buɗe makunnin nan ya duba kauri da ɗaurin wayar. Aikin rabin awa ne.

Abba Obalende:
Injiniya ya fara tallan kansa.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Daga Idi-Araba zuwa Ajah? Kuɗin mai da cunkoson hanyar Lekki sun fi kuɗin aikin, ƙanina. Ta nemi na kusa da ita.

Baba Musa kuku:
Ina gaishe da kowa. Ni aikina ke nan a gidan da nake a Ikoyi, bari in faɗi yadda nake yi, wanda ya ga gyara ya gyara. Da farko obin ya zama a huce. Sai in fitar da komai: ragar da ake ɗora tire, tiren kansa, ƙarafunan gefe da ragar take zamewa a kansu in masu cirewa ne. In ka bar su a ciki ƙyallinsu zai tafi, su yi duhu, su daina zamewa, kullum kana ja suna ƙara. Su a baho nake jiƙa su da ruwan zafi da garin sabulu su kwana. Akwai obin da kamfani ya ce tirensa yana jure wankin, to sai littafi ya faɗa, ban da zato.

Sai abin da mutane suka fi tsallakewa. Ba a barin maiƙo kwance a ƙasa a ce ai wuta za ta cinye. Za ta cinye, amma da harshe da baƙin hayaƙi. Ina ɗaukar cokalin katako ko abin kankara na roba in kwashe duk ƙanzon da zai taso, in bi da tsumma da ruwan ɗumi in ɗauke kitsen da ya daskare, musamman kusurwar baya da ƙarƙashin fanka inda yake taruwa kamar an zuba. Abin da zan bar wa wutar shi ne baƙin da ya kama jiki wanda hannu ba ya fitarwa. Ruwan tumatir da na lemon tsami da sukarin da ya zube ma a share su tun kafin, domin in suka ƙone a wannan zafin suna barin tabo a shafen ciki, ba ya fita.

Bakin ƙofa, ɓangaren da ke wajen igiyar nan da ta zagaye bakin obin, zafin ba ya kai wa can sosai, sai a goge da hannu. Ita kuwa igiyar kanta, mai kama da saƙa, kar a goge ta, kar a ja ta, kar a zuba mata komai. Ita ke riƙe zafin a ciki. In kin ga ta tsinke ko ta bar wurinta, a fasa wankin sai an canza.

Maman Ilham:
Baba na gode ƙwarai. Akwai foyil da suka shimfiɗa a ƙasan, wani wurin ya manne.

Baba Musa kuku:
Cire shi duka, 'yata, har ɗan guntun da ya rage. Ki jiƙa wurin ki bi a hankali da katako, ban da wuƙa. In ya shiga wannan zafin zai haɗe da ƙasan obin ɗin, ya zauna ke nan. Kuma bayan an gama kar ki sake shimfiɗa wani. In kina tsoron ɗigar mai, sa tire a hawan ƙasa.

Ummu Sadiq:
Ku ƙara da duba ciki da kyau tukuna. Mu nan obin ai ma'aji ne. Murfin roba, kaskon tuya, ledar burodi, har ludayi na taɓa gani a na ƙanwata. Da durowar nan ta ƙasa ga masu kukar girki mai tsayuwa, ita ma tana zafi.

Nas Hauwa:
Ummu Sadiq kin taɓo abin da nake son faɗa. Kaskon nan da abinci ba ya kamawa, shafen jikinsa yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, yana fitar da wani tururi mai sa mutum zazzaɓi da ciwon kai da tari kamar mura. To ina ga 480. Ko ba kasko a ciki, ƙonewar maiƙo tana fitar da hayaƙi mai yaji a ido da maƙogwaro, kuma tana iya fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ita ce dai take kashe mutane in sun kwana da janareta a baranda ko a lungun gida. Ba ta da wari, ba ta da launi. Daga obin ɗin da aka share kafin a kunna yawanci kaɗan ce, amma kicin ɗin gidajen Legas kun san su, taga ɗaya 'yar ƙarama tana kallon bangon maƙwabci. Ki buɗe tagar kicin da ƙofar baya, ki kunna fankar zuƙe hayaƙi in tana fitarwa waje, ki rufe ƙofar da ta haɗa kicin da falo. Mai asma, jariri, mai ciki, tsoho mai ciwon ƙirji, su tafi gidan maƙwabta ko wani wuri har a gama. In wani ya fara jin ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kashe, a fita waje, in bai sake shi ba a tafi asibiti. Kuma don Allah kar a kunna da dare a je a kwanta.

Maman Ilham:
Wallahi da daren na yi niyya, saboda yara sun yi barci kuma wutarmu ta fi zama.

Nas Hauwa:
A'a. Da rana, kina gida, idonki biyu.

Anti Zulai mai kek:
Ni da safe nake yi bayan yara sun tafi makaranta. Gilashin ƙofar daga waje yana zafi fiye da na gashin yau da kullum, kuma daidai tsayin yaro mai rarrafe yake. Kar ki rataya tawul a hannun ƙofar, iskar zafi ta nan saman take fita.

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago:
Nas, maganar hayaƙin nan ta shafi tsuntsaye? Ina da aku biyu a barandar kicin, ga tattabaru a sama.

Nas Hauwa:
Su ta fi shafa ma, Alhaji. Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da jakunkunan iska da suke sa numfashi ya ratsa shi sosai, abin da mutum zai ji ɗan ƙauri ya yi tari ya wuce, aku zai iya faɗowa ya mutu cikin ɗan lokaci. Littattafan obin da yawa sun rubuta gargaɗin nan ƙarara. A ɗauke kejin a kai can nesa inda iskar kicin ba ta zuwa, ba barandar da za a buɗe wa taga ba, kuma kar a dawo da su sai warin ya fita tas.

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago:
To ai ni gara obin ɗin ya zauna da dattinsa. Ɗaya daga cikinsu sallama yake amsawa.

Hajiya Turai Agege:
Kun gani ko? A kira mai wuta, a kwashe yara, a kwashe aku, a buɗe taga, a kankare maiƙo da hannu tukuna. To me ya rage wa na'urar ta wanke? Tun da sai na durƙusa na kankare, ai sai in ƙarasa abina.

Anti Zulai mai kek:
Hajiya, shara ta minti goma daban, gurzar yini guda daban. Kuma ita gurzar ba lafiya ce zalla ba. Maganin fesawar nan na wanke obin da ake sayarwa a manyan kantuna, yawancinsa soda ce irin ta haɗa sabulu. Tana cin hannu, in ta fantsama a ido babbar magana ce, ga mutum ya cusa kansa cikin akwati yana shaƙa. Sannan soson ƙarfe yana karce gilashin ƙofa, gilashin da ya karce kuwa wata rana zafi ne zai tarwatsa shi.

Hajiya Turai Agege:
Ni ban ce a fesa komai ba. Bekin soda nake kwaɓawa da ruwa ya yi kauri, in shafe ciki, ya kwana, da safe in goge da tsumma da ɗan khal. Ba hayaƙi, ba mita tana gudu.

Baba Musa kuku:
Wannan hanyar ta Hajiya tana aiki, ni ma ita nake yi tsakanin wanki da wanki, sai dai a kauce wa ƙarfen da ke yin ja da ramin fanka. Amma dattin da Maman Ilham ta kwatanta, na shekaru ne, sai an maimaita. Abu ɗaya da zan roƙa: kar a haɗa biyu. Wanda ya fesa maganin kanti a obin mai wanke kansa ya ɓata shafen ciki, in kuma ya bi da wuta a kan ragowar maganin, hayaƙin da zai tashi ba na shaƙa ba ne. Haka fiya-fiya ko maganin kyankyasai, in an san an taɓa fesawa a ciki a wanke da ruwa sosai tukuna.

Ummu Sadiq:
Ni nawa ba a rubuta Pyro ba, hoton ɗigon ruwa ne a jiki. Shi ma haka zai yi?

Anti Zulai mai kek:
A'a, naki na tururi ne. Ruwa kamar kofi ɗaya za ki zuba a ƙasan, ya yi wajen rabin awa da zafi kaɗan, ƙofa ba ta kullewa, dattin ya yi laushi ki goge da kanki. Ba ya iya wa tsohon ƙanzo. Akwai kuma na uku wanda bangon cikinsa yake da kaushi in kin shafa, ba ƙyalli. Shi bangon ne yake tsotse maiƙo yana ƙone shi a hankali duk lokacin da aka yi gashi a digiri 200 ko sama. Wannan ba a gurza shi, ba a sa masa sabulu mai ƙarfi. Yawancin kukar gas mai tsayuwa da ke gidajenmu kuma ba ta da ko ɗaya cikin ukun, sai hanyar Hajiya.

Hajiya Turai Agege:
Alhamdu lillahi, an dawo hanya.

Abba Obalende:
Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa ba. In ana cikin yi aka ɗauke wuta fa? Don ni a nan ko tafasa ruwa sai da addu'a.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran a wurinmu. Abu biyu ne suke faruwa. Na farko, sakatar ƙofar da ɗan inji take aiki, in ba wuta ba za ta saki ba. Mutane sai su tsorata su sa sukundireba ko su finciko hannun, su karya sakatar ko su fasa gilashi. A bar shi. In wuta ta dawo kuma ya huce, yawanci da kansa yake buɗewa, wani sai an gyara masa agogo, wani sai an kashe makunni na 'yan mintoci an sake kunnawa.

Na biyun ne ya fi damuna, kuma ba a cika faɗarsa ba. Fankar da Anti Zulai ta ambata, mai sanyaya jikin obin, ita ma da wutar take juyawa. In aka ɗauke a tsakiyar aiki, ciki yana kusan 500, fanka ta tsaya cak, zafin sai ya hau sama inda allon maɓallai da ƙwaƙwalwar obin suke, ya kuma ratsa katakon kabad. Ba lallai gobara ba, amma a nan ne fis ɗin kariya yake tsinkewa ko allon ya lalace, ko ka ga fatar kabad ta kumbura ta ɓare. Da wannan dalilin ne kuma in ya gama aiki aka ji fanka tana ta juyawa, kar a je a kashe jan makunnin don a huta da ƙara ko don tsimin yunit. A bar ta ta tsaya da kanta.

Maman Ilham:
Mu 'yan Band A ne a rukunin wutar lantarki, Injiniya.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Alƙawarin rukunin nan awa 20 ne aƙalla a rana. Saura huɗu, kuma ba wanda zai gaya miki wace huɗun ce. Ki lura da wutar unguwarku na 'yan kwanaki, ki zaɓi lokacin da ta fi tsayawa, ban da ranar da hadari ya haɗo. Ki zaɓi mataki mafi gajarta, in bai fita duka ba a sake wata rana. Batun kuɗi kuma ba shi ne abin tsoro ba. Ko da a ce 3.4 ɗin nan yake ja ba tsayawa har awa biyu, yunit bakwai ne ba su cika ba, kuma ba ya kai wa haka. A Afrilun 2024 aka sa yunit ɗin rukuninku naira 225, daga baya aka ɗan rage. Ko da wancan farashin aka yi lissafi, kusan naira 1,500 ne. Abin lura shi ne mita kar ta ƙare a tsakiya, don ita ma ɗaukewa ce. Ki zuba kati kafin ki fara, ki kashe iyakwandishan da hita.

Abba Obalende:
A ɗora a janareta mana, ko inbata.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Inbata ka manta da ita, awa biyu na wannan jan zai zuƙe batiran gida na yau da kullum, in ma ta yarda ta ɗauka. Ƙaramin janareta ba zai ko tashe shi ba. Mai 3.5 ko 5 da ake gani a gidaje, lambar da ke jikinsa ba ita yake bayarwa a tsaye ba, wutarsa tana hawa tana sauka, allon obin kuma ba ya son haka. Babban janaretan dizal na rukunin gidaje zai ɗauka, sai dai 'yan daƙiƙun da ake yi kafin a juya layi sun isa su katse shirin a obin da yawa, ƙofa kuma ta ci gaba da zama a kulle har ya huce.

Abba Obalende:
To in aka hango wuta tana ci ta gilashi? Ni dai bokiti zan ɗauko.

Baba Musa kuku:
Ajiye bokitin. Ɗan harshen wuta da ya tashi ya mutu yana faruwa in an bar kitse. In ya ƙi mutuwa, ka danna maɓallin tsayarwa, ka bar ƙofa a rufe. Iskar ciki kaɗan ce, za ta cinye ta mutu. Wanda ya ɓalle ƙofar ya ba ta iska, ruwa a kan mai mai ci kuwa tashi yake ya biyo mutum, ga lantarki.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
In hayaƙi ya fara fita ta jikin kabad ko bango, ko ka ji ƙaurin waya, wannan ba lokacin tausayin fanka ba ne. A sauke bireka daga akwati, a rufe tukunyar gas in ana iya kai wa gare ta lafiya, kowa ya fita, a kira 112 ko 767, layukan gaggawa na jihar Legas ne, kyauta. Tukunyar gas ɗin ma tun farko kar ta zauna a kabad ɗin da ke manne da obin, ita da galan ɗin man gyaɗa.

Nas Hauwa:
Ki kuma sanar da maƙwabta da mai gadi. Warin yana bin bene, kar a taru a ƙofarki ana salati.

Anti Zulai mai kek:
Saura batun Sallah. Kar ki yi shi ana jajibiri. In obin yana da wani rauni a ɓoye, ranar wankin nan yake bayyana, kuma kayan gyaran irin waɗannan ba kullum ake samunsu a Legas ba, wani sai an yi odarsa. Ko ki yi da sauran mako biyu ko uku, ko ki share da hannu ki gasa namanki, bayan Sallah ki haɗa tsohon datti da sabo ki ƙone. Ni da ni ce na biyun zan yi, don kitsen rago zai sake ɓata shi ko ya aka yi. Kuma ba abin yi kowane mako ba ne, sau biyu ko uku a shekara ya ishi gida.

Hajiya Turai Agege:
Haƙarƙarin layya a obin. Mu dai suya muka sani da gashin gawayi.

Maman Ilham:
Hajiya, mai gidan hayar ya hana hura gawayi a baranda, yana cikin takardar da muka sa hannu.

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago:
Injiniya, kafin a watse. Nawa ba irin nata ba ne. Babbar kuka ce 'yar Amurka, ta hannu, na saya a Alaba. Da gas take aiki sama da ƙasa, amma tana da maɓallin wanke kai, lambobinta kuma har 500 da wani abu suke kai wa a gashi kawai.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
Lambobin na ma'aunin Amurka ne, 500 ɗinsu 260 ne a namu, wankin kuma wajen 900 yake kai wa a nasu. Wannan ba matsala. Ga tambayata Alhaji: in aka kunna kan kukar, wutar shuɗiya ce tsaf ko tana yin ja da tsayi? Gindin tukwane yana baƙi?

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago:
Tana ja kam. Uwargida kullum cikin ƙorafin tukwanenta take.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
To kar kowa ya taɓa maɓallin nan, gashin ma a dakata. Kukar Amurka yawanci a saitin gas ɗin bututu take fitowa, irin wanda ake ja wa gidaje a can. Namu na tukunya ya fi shi ƙarfi, yana buƙatar ƙananan hancin fitar gas masu ramin da ya fi tsukewa, da juya saitin regileta ɗin jikin kukar. In ba a canza ba gas yana fita fiye da kima, ba ya ƙonewa duka, shi ne jan wutar da baƙin tukunya, kuma shi ne yake haifar da iskar da Nas ta faɗa. Abin da kake gani a sama, haka yake yi a cikin obin inda ba ka gani. Ka ɗora masa awa uku a kulle ka ga. Sannan allonta da makunnin tartsatsinta bolt 120 suke so, da me aka jona ta?

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago:
Akwai wata 'yar taransifoma da mai kayan ya haɗo min da ita, tana bayan kukar a ƙasa.

Injiniya Bashir Idi-Araba:
A fito da ita daga bayan nan, wuri ne mai zafi da maiƙo. Ka leƙa bayan kukar ta wajen da bututun gas yake shiga, sau da yawa kamfani yana maƙala 'yar leda da hancinan gas ɗin tukunya a wurin. In tana nan an huta, mai gyaran kuka zai canza na sama da na obin duka. In babu sai an nemo da lambar samfurin. Ɗauko min hoton takardar jikinta da na wutar tana ci, zan duba in na fito daga masallaci.